Wai majon ma yana shan ƙwaya? To, sai me?

Ranar wata Laraba, lokacin hutun ƙarfe goma, muna zaune gindin dogon yaro a farfajiyar lakkol, wani abokin aikina ya iso yana dariya tun kafin ya samu benci. Ya ce: "Kun ji kuwa? Ashe majon nan da ke duba masu taɓin hankali shi ma nasu ne. Kullum sai ya sha ƙwaya." Wuri ya kaure da dariya. Wani ya ce in kura na maganin zawo ta yi wa kanta. Wata malama ta ce ai dama duk wanda ya daɗe a wannan aiki sai ya taɓu, hauka kamar mura yake, ana ɗauka. Ni ban yi dariya ba, amma kuma ban ce uffan ba, kuma shirun nan nawa shi ya dame ni har na zauna rubuta wannan. Na san inda labarin ya fito. Daga gidanmu ya fito.

Ina da ƙane wanda ciwon ya kama yana gab da gama lise. Shekara tara ke nan ni ke ɗaukarsa bisa moto kowane wata mu je ganin majo, ni ke sayen magani daga albashina, ni ake kira tsakar dare in abin ya motsa. Bara ya ƙi maganin ƙememe. Kuma yana da hujja: hannunsa na rawa, wuyansa na ƙagewa, miyau na zuba, ya yi ƙiba, barci ba ya ƙarewa. Ya ce mini: "Yaya, gara haukan da wannan." Na yi lallashi, na yi faɗa, na kai ƙararsa wajen Inna, duk a banza. Da ƙyar na ja shi zuwa gidan likita, ina tsammanin majon zai yi masa irin faɗan da na yi. Mutumin ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya tashi ya tura ƙofa, ya sa hannu aljihun farar rigarsa ya fito da katin ƙwaya wanda aka ɓalle rabinsa. Ya ce: "Wannan nawa ne. Ciwonmu ba iri ɗaya ba ne, amma ni ma na taɓa kwanciya, ni ma na taɓa zubar da magani a masai don ya dame ni. Faɗa mini wanne daga cikin abubuwan nan ya fi ƙona maka rai, mu fara da shi." Suka yi kusan awa guda. Ya rage masa yawan ƙwaya ɗaya, ya ƙara wadda ke sassauta ƙagewar jiki, ya mayar da mai sa barcin zuwa dare. Abin da na kasa cikin wata huɗu ya yi shi a zama ɗaya. Yau ƙanena yana tsare da shagon caja da sayar da kati, kuma shi ke tuna mini ranar komawa.

Don murna ya ba abokansa labarin a fada, wajen shayi. Daga fada ya shiga kasuwa, daga kasuwa ya iso gindin dogon yaronmu ya zama abin dariya. Mutum ya buɗe sirrinsa don ya ceci ɗan'uwana, mu kuma muka saka masa da wannan.

To, mu ɗauki karin maganar kurar nan mu juya ta, tunda ita ce duk hujjar masu dariya. Kurar da ake nufi ita ce wadda ke tallar maganin da ta kasa yi wa kanta. Shi wannan bawan Allah ya yi wa kansa. Ya gane ciwonsa, ya je wurin wanda ya fi shi sani, yana shan maganinsa, yana tashi da asuba ya zo aiki, ya duba layin mutane har azahar. In akwai wanda karin maganar ta wanke, shi ne. Kuma abin mamaki, ba mu taɓa jefa wa wani da ita a sauran cututtuka ba. Likita nawa ke da hawan jini, suna rubuta wa masu hawan jini magani? Wa ya taɓa fasa zuwa wurin lokotoro don an ce yana da ciwon sukari? Mai ɗorin da ya taɓa karyewa, cewa muke ya san zafin abin, hannunsa zai yi sauƙi. Matanmu kuwa in an tura musu yarinya sabuwar fitowa a ɗakin haihuwa, gunaguni suke: "Wannan da ba ta taɓa naƙuda ba, me ta sani?" A can rashin ɗanɗana ciwon ne aibi. Sai an zo kan ƙwaƙwalwa lissafin ke juyewa, ɗanɗanawar ta koma aibi. Ina son wani daga cikin malaman lissafinmu ya warware mini wannan bisa allo.

Akwai abin da ya fi wannan ban haushi, kuma mu mutanen Katsinar Maraɗi da Gobir da Adar ba mu da bakin musunsa. Ni ba ɗan bori ba ne, ba kuma tallarsa na zo yi ba, amma kowa ya san yadda ake zama ɗan bori: ciwo ke fara kama mutum, ya ƙi jin magani, a ce iskoki ne, a yi masa girka, daga nan shi ma ya fara karɓar marasa lafiya. Ciwon da ya yi shi ne takardar shaidarsa. Haka mai maganin gargajiyar da ke cewa shi ma ya yi shekara bakwai yana yawo a daji kafin a ba shi sirrin. Jin haka ke sa mutane su ƙara yarda, su kwance bakin zani su biya. Wato mun yarda da wanda ciwo kaɗai ne iliminsa, amma wanda ya yi ciwon, ya warke, ya zauna a aji shekaru ya ci jarrabawa, gwamnati ta ba shi izini, shi ne abin gudu. Malamar da ta ce hauka ana ɗaukarsa kamar mura, ba ta taɓa jin tsoron ɗauka a zauren boka ba.

Ga wanda bai sani ba, abin da majon nan ya yi ba baƙo ba ne a wannan fage, kuma manyan fagen ma sun yi. Marsha Linehan, tsohuwar farfesa a jami'ar Washington da ke Seattle a Amurka, ita ta ƙirƙiro ɗaya daga cikin hanyoyin jinya da aka fi amfani da su a duniya ga mutanen da ke yawan yunƙurin kashe kansu ko yi wa jikinsu rauni. A 2011, tana da shekara 68, ta tsaya gaban jama'a a asibitin da aka taɓa kulle ta, a garin Hartford, ta faɗi cewa a 1961, tana ƴar shekara 17, an kwantar da ita nan wata 26, tana yanka jikinta tana ƙona shi da taba. Shekara hamsin tana riƙe da wannan a ciki. Wace ce za ta ce hanyar da ta gina ba daga wancan ɗakin ta samo tushe ba? Kay Redfield Jamison, farfesa a Johns Hopkins, tana cikin mutum biyun da suka rubuta babban littafin da likitoci ke karantawa a kan ciwon nan mai ɗaga mutum sama ya yi ta zumuɗi ba barci, sa'an nan ya jefo shi cikin baƙin ciki. Littafin ya fito a 1990. Bayan shekara biyar ta fitar da wani, An Unquiet Mind, inda ta bayyana cewa ita kanta ciwon take fama da shi, litiyom take sha, kuma ta sha daina shan sa kamar yadda ƙanena ya yi, har abin ya kusa kai ta lahira. Jami'ar ba ta kore ta ba. Ɗalibai ba su watse ba.

Na san za a ce waɗannan Turawa ne, nasu daban. To mu dawo kusa. Grégoire Ahongbonon mutumin Benin ne, faci yake yi a Bouaké ta Kodebuwa, ya samu kuɗi har ya sayi motocin haya, komai ya rushe, baƙin ciki ya kama shi har ya yi tunanin kashe kansa. Da ya farfaɗo sai ya shiga bin tituna da ƙauyuka yana kwance masu taɓin hankali daga mari da sarƙa. Ƙungiyarsa ta Saint Camille tana da cibiyoyi a Kodebuwa da Benin da Togo, kuma da yawa daga cikin masu jinya da masu dafa abinci da masu raba magani a cibiyoyin tsofaffin marasa lafiya ne da suka samu sauƙi, wasu har aka tura su karatun aikin jinya suka dawo. Wanda aka kawo jiya a ɗaure, yau wanda ke miƙa masa ƙwaya yana iya nuna masa tabon sarƙa a nasa idon sawu. Ba na jin akwai lacca a duniya da ta kai wannan tabo shiga kunne.

Me irin waɗannan ma'aikata suka sani wanda sauran ba su sani ba? Ba wani sirri ba ne, ƙananan abubuwa ne da ke yanke ko mutum zai ci gaba da magani ko zai jefar. Littafi yana cewa Haldol na iya kawo ƙagewar jiki da rawar hannu, a ba da Artane a sassauta. Yana cewa Largactil na sa barci da jiri in an miƙe da sauri. Layi biyu ke nan a takarda. Amma yadda saurayi ke ji in kofin shayi na karkarwa a hannunsa gaban abokai, ko yadda mace ke ji in kishiya ta ga katin ƙwayar ƙarƙashin katifa, ko nauyin ƙafa a ranar da za ka ratsa farfajiyar asibiti ka nufi ƙofar da kowa ya san ta su wane ne, wannan ba ya cikin littafi. Ko mu da ke nesa da Yamai mun san sunan Pavillon E na babban asibitin ƙasa, kuma mun san da wace murya ake faɗinsa. Wanda ya taɓa zama a wancan gefen tebur ya san cewa tambayar farko da ke cikin ran mara lafiya ita ce ko zai sake zama mutum a idon jama'a. Majonmu bai amsa ta da baki ba. Zamansa a kujerar nan da farar riga shi ne amsar.

Haka batun yake ga ma'aikacin da ba shi ne mara lafiyar ba, amma yana da shi a gida: uwa, ko miji, ko ɗa. Su ma ɓoyewa suke, saboda mun san halinmu in an tashi binciken aure. A ce gidan su wance akwai abin a jini, shi ke nan an rufe ƙofa ga ƴaƴan gidan gaba ɗaya. Alhali a nahiyar nan an nuna wa duniya cewa mai jinya na gida rabin magani ne. Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, a 1954 ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta: mara lafiya ya zo da ɗan'uwansa, a sauke su a gidajen mutanen ƙauye, da rana a je asibiti, da dare a kwana cikin jama'a. Mutumin nan daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A asibitin Fann na Dakar, zamanin Henri Collomb, an mayar da shi ƙa'ida a kwantar da mara lafiya tare da mai rakiya daga danginsa. In ɗan rakiya da bai yi karatun likita ba yana da wannan daraja, ina ga ma'aikaciyar jinyar da ta haɗa biyun, ta yi karatun, kuma ta san mene ne ɓoye wuƙaƙen gida kafin a kwanta? Ita ba za ta ce wa uwa "ki tabbata yana sha sau uku a rana" ta juya baya ba, don ta san mai faɗin haka bai taɓa gwada ba wa ƙaton saurayi abin da ba ya so ba. Ni shekara tara na koya mini abubuwan da École normale ba ta koya mini ba game da yaron da ya yi shiru a bencin baya, kuma ban ga dalilin da zai sa abin ya zama daban ga mai farar riga ba.

Yanzu bari in ba masu dariya abin da yake nasu, don akwai tambaya ta gaskiya a ƙarƙashin shashancin. In ciwon ya motsa masa yana bakin aiki fa? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce wadda muke bayarwa ga kowa: wanda ba ya cikin halin aiki ya tafi hutun jinya, wani ya riƙe, in ya samu sauƙi ya dawo. Haka ake yi wa likitan fiɗa in idonsa ya samu matsala, haka ake yi wa direban bas. Abin dubawa shi ne aikin mutum a yau, shugabanninsa kuma suna nan don haka. Amma ku lura da wani abu: wanda zai iya zuwa ya ce "shugaba, kwanan nan ba na jin daidai, a ba ni sati biyu" shi ne wanda bai ji tsoron a san ciwonsa ba. Wanda muka tsorata da dariyarmu zai daure ya ci gaba da rubuta magani yana cikin ruɗu, don ya san in ya buɗe baki ya mutu a gari. Haɗarin da kuke tsoro, gulmarku ce ke ƙera shi.

Na kuma yarda cewa yin ciwo ba digiri ba ne. Ba duk wanda ya warke ne ya iya jinya ba, kuma mai irin wannan tarihi yana iya faɗawa tarkon ɗaukar cewa abin da ya yi masa aiki zai yi wa kowa. Shi ya sa na riƙe maganar majon da ya ce ciwonmu ba iri ɗaya ba ne. Ya san iyakarsa. Ba na kuma cewa dole kowane ma'aikaci ya tona kansa. Sirrinsa nasa ne, ya faɗa in ya ga amfani, ya riƙe in ya ga dama. Laifin da aka yi a nan namu ne, ni da ƙanena: ya kamata tun a kan moto, muna komowa, in ce masa abin da ka ji a ɗakin nan amana ce. Ban faɗa ba. Murna ta sa na manta garin da nake zaune.

Ga kuma abin da dariyar ta riga ta ci. Akwai yarinya a ajina na CM2, mai kai ce ƙwarai, wadda tun rasuwar mahaifiyarta ta shiga wani hali: ba ci, ba magana, wani lokaci ta faɗi a aji tana kuka ba dalili. Ni na shawo kan mahaifinta ya kai ta wurin majon, kuma an fara ganin haske, har ta koma ɗaga hannu. Da labarin ƙwayar ya iso kunnensa sai ya aiko mini cewa ba zai ƙara kai ƴarsa wurin wanda shi ma ake yi wa magani ba. Kuma da na bi sawun maganar, daga bakin malami ya ji ta. Wannan ne ya fi ci mini rai. A ƙauye da unguwa, abin da mushe ya faɗa yana da nauyin da mu kanmu muke mantawa. In mai sayar da goro ya yi wannan ba'a, ba'a ce, in malamin lakkol ya yi ta, ta zama fatawa. Iyaye suna cewa ai masu ilimi ma sun faɗa.

Kuma da wa za mu maye gurbinsa in ya gaji ya nemi a sauya masa gari? Duk wanda ya taɓa neman mai duba ƙwaƙwalwa a wajen Yamai ya san irin tafiyar da ake yi da kuɗin motar da ake kashewa kafin a ga ɗaya. Ga samarin da tramol ya lalata, ga matan da ke rikicewa bayan haihuwa, ga masu farfaɗiya da su ma nan ake kai su, ga waɗanda suka gudo daga garuruwan bakin iyaka da abin da idonsu ya gani. Ɗalibanmu da ke shiga makarantun kiwon lafiya, nawa ne ke zaɓen wannan fanni da son ransu, bayan sun ji yadda malamansu ke kiran masu yin sa? Sau da yawa wanda ke zaɓensa shi ne wanda abin ya taɓa gidansa, don shi ya san darajarsa. Su ne muke kora.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana rayuwa da wata larurar ƙwaƙwalwa. Mu goma sha ɗaya ne a gindin dogon yaron nan ranar Laraba. Ban ce kowa komai ba, lissafi kawai na yi. Amma na san malamai, a wannan lakkol da waɗanda na koyar a baya, da ke zuwa wani gari sayen maganinsu don kada mai farmasin unguwa ya gane, na san wanda ya ce wa darekta tayifot ce ta kwantar da shi wata biyu. Watakila ɗaya daga cikinsu yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya wajen dariyar, don kada a juyo a kalle shi. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na majo. Kuma yaran da ke wasa kusa da mu sun ji komai. Sun koyi darasin da ba ya cikin programu, cewa in kanka ya yi ciwo ka rufe bakinka.

Shekaranjiya na je na samu majon bayan ya sallami layi, na ba shi haƙuri a madadina da ƙanena. Ya yi murmushi ya ce ya riga ya ji, har wani ya tambaye shi a masallaci ko gaskiya ne, ya ce masa gaskiya ne. Na tambaye shi ko ya yi nadamar fito da katin nan. Ya ce zai ƙara tunani kafin ya sake, sa'an nan ya tambaye ni labarin yarinyar, don ranar komawarta ta wuce da sati biyu kuma maganin da ya ba ta ba a yanke shi kwatsam. Gobe bayan la'asar zan je gidan mahaifinta. Na roƙi abokin aikin nawa, wanda ya kawo labarin yana dariya, ya raka ni, tunda maganarsa ce mutumin ya ɗauka. Ya ce zai duba ko yana da lokaci.